Hutun sati ɗaya: ita Santambul, ni Alƙahira

Rigimar a kan tabarma ta fara, bayan isha'i, an ɗauke wuta muna shan iska a tsakar gida yara sun yi barci. Nace wa madam oga ya sa hannu a takardar hutuna, sati ɗaya cif a Disamba, kuma adashin da nake zubi tun bara ni ne da ɗauka ƙarshen Nuwamba, to me zai hana mu ɗan leƙa waje mu biyu, tunda shekara 11 da aure tafiya mafi nisa da muka taɓa yi tare ita ce bikin ƙanwarta a Maraɗi. Ban rufe baki ba tace Turkiyya. Ko ɗan jim bata yi ba, kamar dama kalmar a ajiye take a bakinta tana jiran ranar da za a tambaya. Ni kuwa Masar ce a raina, har na riga na je wajen wani ejan na tambayi kuɗin tikiti a ɓoye, don haka sai na yi tari na gyara zama nace to, za mu duba.

Wannan "za mu duba" ɗin sati uku ya ɗauke mu.

Ita dai nasan inda ta samo nata. Fina-finan Turkiyyan nan da ake juyawa zuwa Hausa sun gama da matan unguwarmu, kowace ta san gadar nan ta kan ruwan Bosforos da ta haɗa Turai da Asiya kamar a can aka yanke mata cibiya. Ga kuma yayarta da take saro kaya, shekara-shekara tana zuwa kasuwar Laleli a Santambul ta ɗauko abaya da kayan yara da mayafai, in ta dawo sai ta cika mana waya da hotunan jirgin ruwa da tsuntsaye suna binsa da shayi a ɗan siririn kofin gilashi. Amma da yake madam ta san halina, ta san in tace fim ko kasuwa zan yi dariya, sai ta biyo min ta inda nake da rauni. Tace Malam, kai da kake son tarihi, ka manta a can kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa a Madina? Ka manta Aya Sofiya, ginin da aka gama tun shekarar 537 yana coci, ya koma masallaci a 1453, aka maida shi gidan tarihi, a 2020 aka dawo ana sallah a ciki? Ga fadar Topkapi inda aka ajiye takubba da kayan manya. Nace ke wa ya karanta miki duk wannan, tace wayar da ka saya min ba ta kallon fim kaɗai bace.

Ni kuma na ɗauko nawa. Nace ai su kayan Topkapin da kike faɗa, da yawansu bayan da Sultan Salim ya ci Masar a 1517 aka kwashe su zuwa can, kinga kenan Alƙahira ce uwa. Tace to kaji, da bakinka ka faɗa an kwashe, me za mu je nema a gidan da aka riga aka kwashe? Wallahi rasa amsa na yi, sai na koma kan Azhar da dala da kogin Nilu, ita kuma ta koma kan teku, kowa ya ja daga. Akwai daren da muka kwanta ba sai da safe.

Ranar wata Asabar na je gaida Baba a cikin gari, na ba shi labari ina dariya don in ji ta bakinsa. Baba ya haura 80, ido ya yi rauni, amma sama da shekara 30 shi yake jan tafsirin azumi a masallacin layinsu kafin ƙafa ta hana, kuma da Jalalaini yake yi kamar yawancin malaman zaure. Ya yi shiru yana murza carbi, sai yace Santambul garin sarauta ne, Misira garin karatu, duk inda kuka je kun je. Can da na tashi tafiya har na sa takalmi sai ya kira ni yace, in Allah ya sa Misirar ce, ka nemi inda Shehu Suyuɗi yake kwance ka yi masa sallama, kace wani almajirinsa daga Kano yana gaishe shi. Ban gaya wa madam wannan ba a ranar, don kar tace na je na haɗa baki da Baba.

Abin da ya raba gardamar dai ba tarihi bane, biro ne da takarda. Na yagi bayan littafin lissafin ɗanmu na ja layi a tsakiya. Santambul: jirgin ba daga Kano yake tashi ba, sai mun je Abuja, ko dai mu bi hanyar Zariya da Kaduna mu ƙarar da yini guda a mota mu kwana a can, ko mu ƙara kuɗin jirgin cikin gida mutum biyu zuwa da dawowa. Daga Abuja kusan awa 7 a sama, filin jirginsu sabo kuma yana can bayan gari da nisa. In ka cire kwanan hanya biyu da kwanan jirgi biyu daga 7, saura 3. Alƙahira: mu fito daga gida a adaidaita ma in mun ga dama, filin jirgin Malam Aminu Kano, awa 5 bata cika ba mun sauka, bambancin agogo awa ɗaya tal, kwana 5 cikakku a hannunmu. Ga ejan yace takardun da za a nema na bizar Turkiyya sun fi yawa, har da bayanan akawun na watanni, kuma ba zai iya yi min alkawarin ta fito kafin ranar hutuna ba. Ga Disamba a Santambul sanyi ne da ruwan sama, yayarta da kanta ta faɗa, madam kuwa hunturun Kano ma safa biyu take sawa. Na miƙa mata takardar ta haska da fitilar waya ta daɗe tana kallo, sai tace shikenan, amma ka rubuta a ƙasa cewa bashi ne. Na rubuta. Ta ninke ta sa a cikin jakarta, har yau tana nan.

A cikin jirgi na fara gane yadda mutanenmu suka ɗauki Masar. Rabin layinmu marasa lafiya ne da masu jinya, wani tsoho a keken guragu za a yi masa aikin gwiwa, wata baiwar Allah da yaro ciwon ido, sai ɗalibai da 'yan kasuwa. Wata Hajiya da ke gefen madam ta dube mu ta dube mu, tace sannunku, waye ba lafiya a cikinku? Madam tace lafiyarmu ƙalau Hajiya, yawo za mu. Hajiyar ta gyaɗa kai irin na wadda bata yarda ba, ta rage murya tace ba komai 'yata, Allah ya kawo masu albarka, akwai likitocin haihuwa masu kyau a can. Yaranmu huɗu fa. Madam ta toshe baki da mayafi tana dariya har hawaye, nan ne ma ta fara sakin fuska tun da muka bar gida.

Otal ɗinmu a tsakiyar gari yake, wajen da suke kira Wusɗul Balad, ɗan tafiya kaɗan daga dandalin Tahrir, a hawa na shida na wani tsohon bene mai lif irin na da, akwatin katako a cikin keji na ƙarfe, sai ka ja ƙofa biyu da hannu kafin ya motsa yana ƙara. Madam ta shiga da addu'ar hawa abin hawa. Abu na farko da zai buge ka a garin nan hon ne. Ina ganin mutumin Kano ya san hayaniya, na yi shekaru ina bin Kwari da Bata da Kofar Ruwa, amma wannan daban ne, mutum sama da miliyan 20 ne a garin da kewayensa kuma kamar kowa da mota a hannunsa yana danna hon, ƙarfe biyun dare kamar biyun rana, shaguna a buɗe, yara ƙanana suna shan askirim a titi. Tsallaka titi kuwa sai da muka yi minti goma a tsaye muna jiran motoci su tsagaita, basu tsagaita ba, sai ga wata tsohuwa da leda a hannu ta faɗa cikin titin kamar ta shiga tsakar gidanta, muka maƙale a gefenta muka bi. Daga ranar dabararmu kenan, mu nemi tsohuwa.

Larabcina na islamiyya kuma ya sha kunya. Na tsaya wajen mai sayar da layin waya na gyara murya na jero masa jimla da i'irabinta cif, ya saurara har na gama, sai ya ɗaga hannu yace sadaƙallahul azim, abokansa suka fashe da dariya. Su jimun ɗinsu ga ce, masgid, gamal, ni kaina na koma ya hagg, ƙaf kuma sun haɗiye ta gaba ɗaya, gahawa ma ahwa suke cewa. In sun ji Najeriya sai ƙwallo, wani direban tasi ɗan Zamalek ya riƙe ni da zancen Amuneke tun daga gada har otal, wai shi ya gan shi da idonsa yana yaro. Madam da bata da Larabcin komai sai na sallah ta fi ni cin riba, kalkuletar waya kawai take miƙawa.

Abinci ne ya fara sasanta mu da garin. Da safe aka kawo mana wake dafaffe da mai da gurasa, ful da aish, da wani soyayyen abu kore a ciki, madam ta gutsura tace Malam wannan ai ƙosai ne aka sa masa ganye. Ɗa'amiyya suke ce masa, da wake ake yi, an jiƙa an markaɗa an soya, ƙosai dai. Aka kawo jan shayi mai tsami wai karkade, zoɓo. Da rana miya mai yauƙi kore wai mulukiyya, lalo ce wallahi, sai dai sun sa mata tafarnuwa da yawa suna ci da shinkafa. A shagon masu lemo ga tsamiya, ga ruwan rake ana matsewa a gabanka, har da wani wai dom, na kurɓa naji goruba ce tsaf, gorubar da muke gwaguya muna yara har haƙori ya yi ciwo su sun maida ta abin sha a kofin gilashi. Wanda ya zame mana baƙo shi ne koshari, shinkafa da makaroni da taliya da wasu ƙananan wake a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa da ruwan tafarnuwa mai tsami, ba nama ko ƙwaya amma in ka ci kwano ɗaya sai dare. Ni sau huɗu na ci. Madam tace garau-garau ne ya je makaranta.

Dala muka fara zuwa, da sassafe. Abin da hoto baya nuna maka shi ne a bakin gari suke, ka fito daga cikin benaye da shagunan Giza kawai sai ka gansu tsaye, ba wani tafiyar sahara. Babbar, ta Khufu, shekara wajen 4,500 kenan, asalin tsayinta mita 146, yanzu ta ɗan ragu don saman ya zube, kuma duwatsun jerin ƙasa wasu sun kai min ƙirji. Na tsaya a gindinta na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Mu da muke hawa Dala da sallah muna jin mun hau wani abu, to wannan dalar hannu ne ya ɗora ta dutse bisa dutse. Na sayi tikitin shiga ciki, madam tace ita ba za ta shiga kabarin kowa da ƙafarta ba tun kwananta bai ƙare ba, na shiga ni kaɗai a duƙe kamar mai ruku'u ina hawa wani siririn lungu, zafi, gumi, numfashin mutane, na isa ɗakin sama na tarar da akwatin dutse ba murfi ba komai a ciki. Kwana biyu cinyoyina suna ciwo.

Sai mai raƙumi. Ni fa ba baƙon raƙumi bane, na sha ganinsu ana kora su kwata, amma mutumin nan ya bi mu da ya hagg, ya hagga, hoto kawai, kyauta, don Najeriya, har madam ta hau. Raƙumi ya miƙe, ta ƙwalla ƙara ta riƙe sirdi, aka ɗauki hoto, to a sauke ta mana, sai yace ai hawa ne kyauta, sauka da kuɗinta. Na yi faɗa da fusaha, na yi da Turanci, na ƙare da Hausa, shi ko sai murmushi yake yana shafa wuyan raƙuminsa, madam a sama tana cewa Malam don girman Allah ka ba shi. Na ba shi. A motar dawowa bata ce komai ba sai da muka hau gada, sannan tace a hankali, a Santambul dai ba raƙumi.

Gaskiya in faɗa, garin yana gajiyarwa. Ƙura, hayaƙi, kowa ya nuna maka ƙofa sai ya miƙo hannu bakshish, tikitin baƙo daban na ɗan ƙasa daban, magariba kuma ƙarfe biyar ta yi a Disamba, kafin ka farga yini ya tafi. Wanda yake neman hutu na kwanciya da shiru ba nan zai zo ba. Mun so mu je Iskandariyya mu ga teku don in rage bashi, da muka lissafa awa kusan uku zuwa uku dawowa muka fasa. Na ɗauke ta a jirgin ruwa mai filafilai a kan Nilu da yamma, iska ta ɗauke, muka tsaya cak a tsakiyar ruwa kusan rabin awa, wasu jiragen masu fitilu kala-kala suna wuce mu da kiɗa kamar za su fasa kunne. Tace wannan ne Bosforos ɗin naka? Nace wannan Annabi Musa aka saka a cikinsa yana jariri. Tace ka dai iya kare kanka.

Rana ta uku muka hau ƙal'ar Salahuddin, ganuwar da ya fara ginawa a 1176 a kan tudu, kana ganin gari gaba ɗaya a ƙasa launin ƙasa-ƙasa da hasumiyoyi ba iyaka. A can saman akwai masallacin Muhammad Ali, wanda aka fara a 1830, kuma da gangan aka yi shi irin na Santambul, manyan ƙubbobi a kan juna da siraran hasumiyoyi masu tsini kamar fensir. Tun daga nesa madam ta tsaya tace kai, wannan ai irin na fim ɗin ne. Nace to ga Santambul ɗinki na kawo ki, a goge bashi. Tace hoton kuɗi ba kuɗi bane. Amma ta yi hoto ya fi 50 a wajen, kuma na ga wanda ta tura wa yayarta bata rubuta sunan garin ba.

Ni wanda ya kama ni yana ƙasan tudun, masallacin Sultan Hasan, na shekarun 1356 zuwa 1363, bango kamar dutsen da aka yanka, ka bi ta wani duhun soro mai lanƙwasa sai kawai ka fito fili sama a buɗe, rumfuna huɗu manya, kowace kusurwa da makarantar mazhaba ɗaya, na bi ina dubawa har na samo ƙofar ta Malikiyya na tsaya a wajen kamar na ga ɗan garinmu. Washegari muka shiga jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa, akwai taragun mata zalla amma madam taƙi rabuwa da ni, muka je Fusɗaɗ masallacin Amru bin Asi, inda Musulunci ya fara kafa masallaci a Masar wajen shekarar 642, daga nan gidan tarihin da aka maida gawarwakin fir'aunoni a 2021, su 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4. Ɗakin a ƙasa yake, duhu-duhu, ba a hoto ba a ɗaga murya. Ramsis na biyu yana kwance da gashinsa da farcensa da ƙoƙon hancinsa, ɗan tsoho siriri. Madam da taƙi shiga dala nan ta shiga, ta daɗe a kansa, naji tana karanta ayar nan ta Suratu Yunus ƙasa-ƙasa. Malamai sun saɓa kan wane ne na zamanin Annabi Musa, amma ko waye a cikinsu, ganin mai mulki a akwatin gilashi yara 'yan makaranta suna zagaya shi ya isa.

Juma'a a Azhar muka yi. Masallacin tun 972 ake sallah a cikinsa, tsakar gidan farin marmara sai sanyi a ƙafa, ɗalibai daga ko'ina, 'yan Indunusiya, 'yan Senegal, 'yan Rasha, kowa da littafi a hammata. Bayan an idar ina tsaye ina jiran madam ta fito daga ɓangaren mata, na kira ta a waya ina cewa ki fito ta ƙofar da muka shiga, sai naji an ce a bayana, Kawu sannu da zuwa, daga ina? Wani siririn yaro ne da farar hula, ɗan wajen Gusau, shekararsa ta huɗu yana karanta shari'a, yana zaune a Bu'us, unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje. Kafin madam ta iso har ya nuna min wajen ruwaƙoƙin da ɗalibai suke zama a da, kowace ƙasa da nata, yace har da na Barnawa, mutanen Borno sun daɗe da gurbi a nan. Da ta zo ya durƙusa yace Anti ina wuni, ya hanya, ita kuma nan take ta fara tambayarsa yana cin abinci kuwa, don ta ga wuyansa. Yace in an matsu ana samun tuwo a Hayyul Ashir wajen 'yan uwa.

Shi na gaya wa saƙon Baba. Yace Kawu ai ba nisa, mu je. Muka hau ƙaramar bas zuwa wajen Sayyida A'isha, muka gangara cikin Ƙarafa, makabartar da ta zama unguwa, kabari da ɗaki bango ɗaya, mata suna shanya, yara suna ƙwallo tsakanin ƙubbobi, can gefe ana ta aikin titi da gada an rushe wani sashe. Ba don yaron nan ba ko shekara zan yi ba zan gane wajen ba. Ɗan gini ne ba wani ƙawa, a gefen hanya, motoci suna wucewa, nan Suyuɗi yake, mutumin da ya rasu a 1505, wanda ya ƙarasa tafsirin Jalalaini da malaminsa Mahalli ya fara, wanda ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas tun ana tafiyar nan da raƙumi wata da watanni. Na yi sallama na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, kalma da kalma, sai naji muryata tana rawa, abin da ban shirya masa ba.

Madam ce tace a kira Baba. Na kira ƙanena a bidiyo ya kai masa wayar, Baba ya kawo fuskarsa dab da gilashin har ba ma ganin komai sai gira, yace bana gani, ku faɗa min. Ni na kasa, ita ta karɓi wayar ta shiga kwatanta masa, Baba ga ƙofar, ga rubutun sunansa, ga ƙura a jikin bango, ga wata mage a kwance a bakin wajen. Yace mage? Tace eh Baba. Ya yi dariya, sannan ya yi shiru, sannan ya fara addu'a, mu uku a tsaye a gefen titi muna amin, datar tana yankewa tana dawowa. Da ya gama yace 'yata Allah ya yi miki albarka, ke kika kai shi. Bata gyara masa ba, ni ma ban gyara ba.

Daga nan yaron ya ƙarasa da mu wajen Imam Shafi'i, babbar ƙubba ta 1211 da ɗan jirgin ruwa na ƙarfe a samanta, amma ni hankalina yana baya. Da za mu rabu na dunƙula masa wani abu yaƙi karɓa sai da madam ta ɓata rai tace in Anti ce ta ba ka ma ƙi za ka yi?

Ranar ƙarshe tata ce, na yi alkawari ba zan ce uffan ba. Khan Khalili ta leƙa sau ɗaya tace wannan kasuwar Turawa ce, muka gangara Muski da Guriyya inda 'yan gari suke sayayya, cunkoso kamar Kwari ana jibi sallah, masu turin kaya suna ihu a ba su hanya. Nan na ga aiki. Mai shago ya danna lamba a kalkuleta, ta kalla ta yi tsaki irin na Kano wanda baya buƙatar fassara, ta danna kashi uku cikin goma, ya dafe ƙirji, ta juya za ta tafi, ya kira ta ya hagga, a dawo. Ni ina zaune a kan kujerar roba an ba ni shayi ina gadin ledoji. Na dai saci minti 30 na zaga bayan Azhar wajen masu littattafai na samo wa Baba Jalalaini mai manyan baƙaƙe, ko da ba zai iya karantawa ba ya riƙe.

Mun dawo a gajiye fiye da yadda muka tafi, ni da tari ita da kumburin ƙafa, Litinin na koma ofis ina gyangyaɗi. Da daddare tana fito da tsaraba tana kasawa, wannan na Inna, wannan na yaya, sai naji ta yi shiru, sannan ta fashe da dariya ta miƙo min wuyan wata abaya cikin guda shida da ta fi yabawa, wadda ta fi shan wahalar ciniki a kanta. Na haska da waya, a jikin ɗan ƙyallen an rubuta ƙirar Turkiyya.

Satin da ya wuce na ga ta shiga sabon adashi da yayarta, ɗauka a watan Mayu, lokacin da sanyin can ya wuce. Na tambaya ko in fara neman hutu, tace a'a Malam, kai ai ka yi lissafi kwana uku ne kawai zai rage maka, ita kuwa ba ta da oga. Wai ni zan zauna da yara, kuma tikitin yana cikin bashin.